Gwajin Jini a Argungu

Tun da aka sa ranar aurensa da Nazifa, Musaddiq bai daina tunanin matan da ya yi hulɗa da su a shekarun jami'a ba. Jikinsa lafiya lau, amma ya san akwai cututtukan da kan kwanta a jini ba alama, kuma yana tsoron ya kai mata ɗaya. Dangi za su raka su gwaji kafin ɗaurin aure, shi kuwa ya fi son ya fara sani shi kaɗai. Don haka ya baro Gwadangaji zuwa wani ƙaramin asibiti a Argungu, inda yake zaton ba a san shi ba.

A bencin jira ya hango Malam Hodi, kawun Nazifa. Yana iya juyawa, amma bai taɓa wuce suruki ba gaisuwa ba. Ya durƙusa.

"Ango! Mi yak kawo ka nan?"

"Gwajin jini, Kawu."

Dattijon ya dube shi jim kaɗan, sannan ya matsa ya ba shi wuri.

"Zamna. Abin da duk ya hito, ɗiyata daga bakinka za ta ji shi, ba nawa ba."

Musaddiq ya zauna, ya fara naɗe hannun rigarsa.