Kwalekwalen Saminu

Ba a daɗe da sadakar bakwai ɗin Saminu ba, wansa Baballe ya ce motar nan ta tsakar gida a kira 'yan gwangwan su kwashe ta. Mastura tana ɗaki tana takaba, ta bayan labule ta ji maganar. Kokon da ke hannunta ta kasa shanye shi.

Motar 'yar ƙarama ce, ja, ƙirar Ingila, kujera biyu kacal, sitiyarinta a dama. In mutum ya tsaya kusa da ita da kyar take kawo masa ƙugu. Wani Bature da Saminu yake yi wa gyara a Ikeja ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun kafin a kawo Mastura gidan. Jikinta ba ƙarfe ba ne, irin abin nan ne da ake yin jirgin ruwa da shi, faiba. Shi ya sa duk layinsu a Agege ake ce mata Kwalekwale. Ranar da gefenta ya tsage ma ba wurin masu walda Saminu ya je ba, bakin ruwa ya tafi ya ɗauko mai gyaran jirage ya liƙe masa.

Haka ya riƙe ta, ana nan ana can. Fatar kujerun daga Oko-Oba ya samo, wurin masu ƙiraga. Birkinta na wata tsohuwar mota ne da ya tsinto a kasuwar Ladipo, ya goge ya rage har ya zauna. Abu ɗaya ne ya gagare shi, famfon da ke zagaya ruwa a cikin inji. Tun kafin sojoji su miƙa mulki ya lalace. Ya gwada na motoci iri-iri, kowanne sai ya yi yoyo. In aka tayar da ita babu shi, inji zai ƙone, don haka ya daina tayarwa.

Sai dai bai bar ta ta kwanta ba. Ya ce injin da aka bari a danshin Legas kamewa yake yi. Duk ranar Juma'a da safe, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya yaye tamfol ya kira Mastura. Ta shiga ta zauna, ya saka mata babbar giya, ya koma baya ya tura. Motar ba nauyi, shi kaɗai ya ishe ta. Ta gangara zuwa bakin rijiya injin yana juyawa a hankali, sannan ya zagayo ya turo ta baya.

"Direba, a kula da kajin Iya mai gida," yake ce mata.

"Kai dai tura, yaron mota."

Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa ta. Mastura takan tuna duk Juma'a, amma wa za ta ce wa? Mace mai takaba ta fito ta zauna a jar mota ana tura ta, ai sai a ce ta taɓu. Ga damina ta kankama.

'Yan gwangwan suka zo su biyu da hantsi. Babbansu ya manna maganaɗisu a ƙofar motar, ya faɗo. Ya manna a bonet, ya sake faɗowa. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ya yi dariya.

"Alhaji, wannan ai bokitin wanka ne. Mu da sikeli muke saye. Sai dai mu fasa jikin nan da gatari, mu zare inji da ƙashin ƙasa, sauran ku ba yara su ƙona."

"A nan za ku fasa?" in ji Baballe.

"To a ina? Ba ma ɗaukar roba."

A nan ne Mastura ta yi magana. Ba ta fito ba, ta dai matso jikin labule.

"Yaya."

"Na'am, Mastura."

"Don Allah kada a sa mata gatari."

Baballe ya sallami mutanen ya ce su dawo wani satin. Ya jawo benci ya zauna daga waje. Dillalin shanu ne daga Ɗambatta, babban mutum mai jiki, ba mugu ba ne, amma a ganinsa abin da ba ya tafiya kuma ba ya haihuwa ba dukiya ba ne. Ya yi mata bayani a hankali. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka rubu'i ne nata, sauran na 'yan'uwa. Malam ya duba kayan, ya ce rabonta bai wuce ɗayan biyu ba: ko injin markaɗen da marigayi ya kafa a ƙofar gida, ko motar.

"In kin ce mota, taki ce, ba wanda zai taɓa. Amma me za ki ci? Kin ƙi ki bi ni gida, kin ce nan aka haife ki. Tun rikicin ƙabilanci na Ketu nake cewa ku tattaro ku dawo, shi ma ya ƙi. To in zaman za ki yi, da markaɗen nan za ki zauna. Ni kuma tirelar da ta kawo min shanu ba za ta jira ni har abada ba. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin. Ta yi shi tana wanki, ta yi shi a kan sallaya. Injin markaɗe shi ne cefanenta, shi ne hayar ɗaki, wannan ba ta buƙatar a gaya mata. Amma da ta rufe ido sai ta ga gatari yana sauka a inda Saminu yake dafawa. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ba ta iya hana komai ba. Wannan kuwa kalma ɗaya ce daga bakinta za ta hana, kuma kalmar za ta bar ta da yunwa.

Ana cikin haka, wata Laraba bayan azahar, aka yi sallama da ƙarfi daga zaure.

"Patoron, maigida! Fito ka ba ni goron albishir! Kai, mai kwalekwale, barci kake da rana?"

Idrissa ne, mutumin Maraɗi, mai safarar kayan tsofaffin motoci tsakanin Kwatano da Legas. Ya shigo da ƙunshin jarida a hammata, yana ta surutu. Sai ya ga tabarmi a shimfiɗe, ya ga baƙon mutum da carbi, ya ga takalman Saminu a jere a gefe ba ƙura a kansu. Ya tambayi ina Saminu.

Baballe ya gaya masa.

Idrissa ya durƙusa a inda yake. Ya daɗe yana salati. Da ya samu bakin magana ya ce watanni ya yi a can, 'yan duwan, wato kwastan, sun riƙe masa kamyo, motarsa ta kaya, a kan iyaka, bai ji komai ba. Ya warware jaridar. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi kan tulu ba, da fukafukai ƙanana a gefe guda. Famfon ruwan nan ne da ya gagari Saminu.

"Wurin wani tsoho na same shi, a bayan tashar jirgin ruwa. Irin motar ce sak, itace ya faɗo mata. Tun ina da baƙin gemu nake neman abin nan." Ya juya wajen labule. "Madam, Allah ya ba ki haƙuri. Na makara."

Mastura ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Idrissa." Sannan ta ce wa Baballe, "Yaya, a bari a saka."

"A saka a yi me?"

"In ji ƙararta."

Baballe ya dubi ƙarfen, ya dubi motar. Ya ce to, a kira Alu.

Alu shi ne abokin aikin Saminu a gareji, tare suka yi koyo tun suna samari. Ya zo washegari da akwatin sifanu. Abin da ya fara tambaya shi ne yaushe rabon a juya injin. Mastura ta gaya masa gaskiya. Ya tsuke baki. Ya kwance fulogai, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya kwana. In ya kame, ya ce, famfon ba shi da amfani, gara a gaya wa juna tun yanzu.

Da safe ya ɗora dogon sifana a gaban injin ya danna. Bai motsa ba. Ya sake dannawa, Idrissa ya kama masa. Mastura tana leƙe ta gefen labule, ta danne bakinta da mayafi. Sai aka ji ɗan ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, sifanan ya tafi.

"Ya saki," in ji Alu. "Marigayi ya yi masa tarbiyya."

Aikin ya ci su har Asabar, don sai da suka kwance duk gaban injin. Iya mai gida tana wucewa tana cewa su bar mata hanyar rijiya, tana kuma aiko musu da ruwan sanyi. Baballe da ya ce shi ba ruwansa, shi ne ya koma mai miƙa sifana, yana miƙa wanda ba shi aka ce ba.

"Alhaji, wannan na taya ne."

"To ni na san su? Ka tambaye ni haƙoran sa in gaya maka."

Aka aro batir, aka zuba fetur da ruwa. Alu ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta mutu. Ya sake. Ta yi tari mai tsawo, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kajin Iya suka watse, sai ga ta ta kama. Ƙara ce mai kauri, ta fi ƙarfin jikinta. Alu ya tsuguna yana duba ƙasa, ya daɗe, ya ɗago ya ce ko ɗigo babu.

Mastura ta zauna a bakin gado. Ta ɗauka za ta yi kuka, sai ta ji ba kukan. Ƙarar ta cika ɗakin har kwanukan da ke kan kabad suna rawa. Wannan ce ƙarar da yake ta ba ta labari, yana kwaikwaya da baki tana yi masa dariya. Ashe bai ƙara gishiri ba.

A waje Idrissa ya ce, "Alhaji, shiga ka ji."

"Ni? A wannan akurkin?"

Amma ya tattare babbar riga ya zura ƙafa. Sai da suka danna kafaɗarsa ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Alu yana dariya har da riƙe ciki. Baballe ya dafa sitiyari da hannu biyu. Ya ga inda fatar ta goge daidai tafin hannun ƙaninsa. Dariyar ta tsaya, don kowa ya ga hawaye yana bin gemunsa.

"Yaron nan," ya ce. "Tun yana ƙarami da karan dawa yake ƙera mota. Na sha dukansa a kai, ina cewa ya tafi kiwo."

Da aka kashe injin aka ciro Baballe daga motar, ya je bakin labule ya tsaya.

"Mastura, kin ji ta."

"Na ji, Yaya."

"Me kika yanke?"

Ta riga ta sani tun injin yana ruri. A nan gidan motar za ta koma ƙarƙashin tamfol ne, ba mai tayar da ita, wata damina ta ƙarasa ta.

"Markaɗen zan riƙe. Amma ka yi min alkawari."

"Ba sai kin faɗa ba. Ba mai sa mata gatari ina raye. Gida zan tafi da ita, a rabonmu. Akwai bakanike a garinmu, in ya kasa in aiko a ɗauki Alu."

"Ba ta son a bar ta a zaune."

"Na ji. Zan sa a riƙa zagayawa da ita."

Ranar Litinin tirelar za ta juya arewa ba kaya. Alu ya zo da safe zai kai motar mahautar Oko-Oba, inda tirelar take. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce da ma a ce Mastura ta fita takaba, da ya kai ta ko ƙarshen layi ne ya dawo da ita. Mastura ta ce ba komai. Ta tsaya a cikin zaure daga inda ba a ganinta. Aka buɗe ƙyaure, motar ta fita da ƙafarta, ta haura kwata a hankali, mutanen layi suna ta ihu. Ta bi ƙarar da kunne har ta gauraye da ta motocin haya na danfo da okada a babban titi.

Da la'asar Alu ya dawo a ƙafa, ya yi sallama daga zaure.

"Kun isa lafiya?"

"Lafiya lau. Ko sau ɗaya ba ta yi zafi ba. Wani direban danfo ya leƙo yana tambaya ko a kwance nake tuƙi."

"Yaya aka yi aka hau da ita?"

"Mahauta suka ɗaga ta da hannu kamar maraƙi. An shimfiɗa mata ciyawa, an ɗaure ta da igiyar shanu."

"An rufe ta? Akwai ruwa a hanya."

"Alhaji da kansa ya rufe. Ya ma ƙi shiga gaba wurin direba. Ya ce a baya zai zauna, kusa da ita, har Ɗambatta."