Gambar Iyaka

Ranar Alhamis Malama Batula ta dawo wa 'yan ajinta na sakandare a Gaya da littattafansu, duk jan biro. Jimlar Turanci ɗaya ta ba su, amma kowa ya mai da ita ta dambe.

"Take the bull by the horns ba duka ba ne," ta ce. "Ana faɗarsa ne idan mutum ya daina kewaye-kewaye, ya tunkari abin da ke damunsa da kansa."

Tana rufe baki kunya ta kama ta. Shekara uku ke nan ƙanen mahaifinta, Baffa Badaru, yana cin iyakar gonarsu a Balan, ita kuwa sai gaisuwa da durƙuso. Gonar nan ita ke ciyar da mahaifiyarta tun rasuwar mahaifinsu. Dabarar Baffa ba boyayya ba ce: da rani sai ya tone gambar da ke kan iyaka, ya dasa ta cikin gonarsu. Yayanta Nu'uman, daga Kano, kullum amsarsa a waya ɗaya ce, a bar wa Allah.

Asabar da safe ta hau acaɓa zuwa gonar. Ta iske Baffa ya tara gayya, maza sun fi goma suna noma. Bana garaje ya ci shi, bai tono saiwar duka ba. Da ruwa ya sauka, tsohuwar gambar ta sake tsirowa a layi, shar da ita, taku huɗu cikin abin da yake kira nasa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙe.

"Baffa, wannan gambar wa ya shuka ta?"

"Ke Batula, maganar iyaka ta maza ce. Turo yayanki."

"Ba zai zo ba. Ni na zo."

Masu noma suka dogara da fartanyoyinsu. Kowa ya ga layin, kuma Baffa ya ga sun gani.

Ta ari fartanya a hannun wani dattijo. Ta san Baffan nan shi ya yi mata walicci. Haka nan ta sassare sabuwar gambar, ta kwashe ta jibge a kan tsohon layin.

"In kika ƙarasa wannan, kada ki sake taka gidana," in ji Baffa.

"Zan taka, Baffa. Ubana ne kai, gidanka gidana ne. Amma nan wajen Inna za ta shuka gero."

Ranar Ƙaramar Sallah ta je gidan Baffa. Ta yi sallama sau uku a bakin zaure, tana jin tarinsa daga ciki, bai amsa ba. Ta ajiye kwanon tuwon da Inna ta ba ta, ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "Sai na dawo Babbar Sallah, Baffa."