Kwamfutar da Na Goya Zuwa Kasuwa

Jiya da dare wani mafarki na yi. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai, don kada a ce gamo na yi.

Yayana Muntari yana aiki a Fatakwal. Irin mutanen nan ne da in ka kira su a waya, "lafiya lau" da "ya Inna" sun gama hirar, sai ku yi ta sauraron numfashin juna har kati ya ƙare. Amma duk Lahadi in muka haɗu a wasan ƙwallo na kwamfuta, shi a can ni a nan Kano, sai bakinsa ya buɗe. Yana zura mini ƙwallo yana ba ni labari. Duk abin da na sani game da rayuwarsa, a wannan filin na ji shi.

Sai tsohuwar kwamfutata ta mutu. Na haɗo sabuwa gangariya, amma fanko ce, ba a zuba mata babbar manhajar da ke tayar da ita ba. Mai shago ya ce iri biyu ce, akwai ta gida akwai ta ƙwararru, in zaɓa. Tun ranar nake zaɓa. Abokai suna cewa ruwan ido gare ni. Ni kuwa na san ba a yi mini gaggawa, ko silifa zan saya sai na zaga kasuwa. Ana haka Yaya ya aiko cewa Lahadin nan ce ta ƙarshe, za a tura shi aiki cikin teku inda babu sabis, sai bayan watanni.

Da wannan barci ya ɗauke ni.

Sai na gan ni tsaye a wata tasha da rana tsaka, na goya kwamfutar da zanin Inna, har da majanyi. Ba ta motsi, amma da ɗuminta. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Mutanen garin ko a jikinsu, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Na ɗaga kai in ga inda ruwan yake zuwa, sai na ga teku ne shimfiɗe a sama daga gabas har yamma, kifaye suna gilmawa ta gaban rana. A gefen tekun ga jirgin ruwa an ɗaure shi da igiyar shanya a jikin ƙarfen sabis, Yaya Muntari yana zaune a bakinsa yana lilo da ƙafafu.

"Nafi'u, ka kunna?" in ji shi. Bai ɗaga murya ba, amma na ji shi sarai.

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya."

Wani mai shayi da ke kusa, yana tsiyaya shayi daga kofi zuwa cikin buta, ya gaya mini ba tare da na tambaye shi ba cewa da zarar ruwan nan ya cika tekun, igiya za ta tsinke jirgi ya tafi. Ya ce in maganar manhaja ce, in je ofis.

Ban taka ko'ina ba sai ga ni a ofis. Wata akuya ce a bayan teburin, da gyale da tabarau, tana tauna wayar tarho a nutse. Na yi sallama, ta amsa mini cikakkiya, har da wabarakatuhu. Na tsaya baki sake. Ta leƙa bayana ta tambayi me ke damun yarinyar, na ce ba a ba ta manhaja ba ne tun da aka haife ta. Ta ce wane aiki za ta yi in ta tashi. Na ɗan ji kunya, na sassauta murya na ce wasa.

Akuyar ta cire tabarau ta miƙe tsaye, ta ba ni kujerarta.

Ashe a wannan ƙasar, wasa shi ne sana'a, aiki kuwa shashanci. Ta taga ma ina hango wata mata ta biyo mijinta da muciya daga shagon ɗinki, wai ya zauna yana ta aiki tun safe alhali tsararrakinsa suna can suna buga langa. Akuyar ta ce, "Ranka ya daɗe, magana mai girma irin wannan ba a yanke ta a ofis. Sai majalisar masana." Ta raka ni har bakin ƙofa, a hanya ta ɗan ci gefen majanyin, ta ba ni haƙuri.

Majalisar masana doguwar katanga ce, ƙadangaru jere a kanta, masu jan kai, kowanne da 'yar hularsa. Jama'a sun yi layi a ƙasa. Da layi ya zo kaina na gyara murya na tambaya ko ta gida ta ishi mai wasa. Suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Na ji sanyi a raina, har na juya zan tafi, sai na ce bari dai in tabbatar. Na tambaya ko ta ƙwararru ta fi. Suka gyaɗa kai. Na ce to ko in haƙura da duka biyun? Suka gyaɗa kai. Haushi ya turnuƙe ni, na tambaye su ko ni jaki ne. Nan ma suka fi gyaɗawa da ƙarfi, har hular wani ta faɗo.

Wani dattijo mai furfura da ke bayana ya dafa ni, ya ce in yi haƙuri, masana ne, ba sa son ɓata wa kowa rai. Ya ce shi ma tambayar da ta kawo shi ke nan, tun yana ango. Na tambaye shi ina tasa kwamfutar. Ya nuna gefensa. Ai kuwa ga ta tsaye, ta girma ta fi shi tsawo, fuskarta baƙi ƙirin, gizo-gizo ya yi saƙa a kunnenta. Ba ta taɓa buɗe ido ba. Ya ce yana gab da yanke shawara, akwai dai wani ƙadangare a ƙarshen katanga da bai ji ta bakinsa ba tukuna.

Tsoro ya kama ni sosai. Na ɗaga kai, tekun ya kusa cika, igiyar shanya ta miƙe tsam. Yaya ya riga ya sa jan kayan aikinsa da hular kwano.

"Nafi'u."

"Yanzun nan, Yaya."

Sai ga ni a kasuwa. Rumfa guda ce ke sayar da manhaja, ta wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Lantana. Ta ajiye manyan robobi biyu a gabanta, kowacce cike da farin gari, da mudu a kai. Ta ce ga ta gida, ga ta ƙwararru, ɗanɗano kyauta ne. Na lakata a nan na lasa, na lakata a can na lasa. Na kurkure baki na sake. Wallahi ɗaya suke, ko gishiri ɗaya bai fi ɗaya ba.

Na ce, "Gwaggo, to mene ne bambancin?"

Ta janyo wani tarin makullai daga ƙarƙashin zaninta ta dire, ta ce ta ƙwararru da waɗannan take zuwa. Ta ɗaga ɗaya ta ce wannan na kulle tukunya ne, ɓarawo ko ya ɗauke ta ba zai ci ba, amma ranar da ka yar da makullin kai ma sai ka kwana da yunwa. Wani kuma, in kana wani gari, shi zai ba ka damar miƙo hannu ka gyara shimfiɗar ɗakinka. Akwai wanda ke buɗe wani ɗaki a cikin ɗakinka, ka leƙa ka tarar da kanka zaune. Babban cikinsu kuwa na juya barori ne, ka ce su kwanta su kwanta, ka ce su tashi su tashi.

"Kana da barori, ɗan nan?"

"Ni da Inna ne kawai a gidan."

"To ka saya, sai ka fara nema."

Ta nuna mini waɗanda suka sayi ta ƙwararru suna wucewa, makullai rataye a wuya, sun ranƙwafa amma suna taƙama. Ta nuna mini na ta gida, suna tafe sakayau, sai dai kowannensu yana satar kallon makullan ɗan'uwansa yana haɗiyar yawu. Na rasa wa zan tausaya wa.

Na ce ni duk ba wannan ba, wacce ce ƙwallo ta fi gudu a cikinta? Gwaggo ta kira ƙwallaye biyu kamar yadda ake kiran kaji, suka zo, ta ba ɗaya garin wannan robar, ta ba ɗayar garin waccan. Aka share hanya aka sake su. Suka ruga har ƙarshen kasuwa suka iso tare, suna hira ma. Nan take kasuwa ta rabu biyu, rabi na rantsuwa ta gida ce ta riga, rabi na cewa makaho ma ya ga ta ƙwararru ce. Aka fara jifa da tumatir, tumatirin yana faɗawa sama. Gwaggo ta matso kusa da kunnena ta ce, "A wajen wasa duk kanwar ja ce. Amma kar ka ce ni na faɗa maka."

Mai hankali a nan zai saya ya tafi, kuma ni ma ina da hankali. Sai dai na yi tunani, in na ɗauki ta gida gobe Allah ya ba ni barori fa? In kuma na ɗauki ta ƙwararru, na yi ta yawo da makullan ɗakunan da ban gina ba, abokai su samu abin dariya? Na ce Gwaggo ta ƙara mini ɗanɗano.

Ina kai yatsa baki na ji igiyar ta tsinke.

Ban san robar da na dumbuza ba. Na kwance goyo, na buɗe bakin kwamfutar na ɗura mata. Ta yi atishawa ta buɗe ido, shuɗi shar. Na ce alhamdulillahi, taso mu tafi. Ta dube ni ta ce, "Kada ka kashe ni, ina kintsawa." Ta fara sa riga. Ta ɗora wata a kai, ta ɗora wata, in na ce ta gama sai ta tuɓe duka ta sake daga farko. Na sunkuce ta haka nan, na zazzage garin Gwaggo na shiga robar na zauna, ruwa ya ɗaga mu sama.

A kan jirgin kuwa, filin ƙwallonmu ne, kore shar, da fitilu da 'yan kallo. 'Yan wasan sun gaji da tsayuwa sun zazzauna a ciyawa, mai tsaron gida yana ɓarar gyaɗa. Yaya Muntari ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, ya bar mini gefe, ya ajiye mini hannun wasan kwamfuta a kai. Gemunsa ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Na zauna ina haki, na dire kwamfutar, tana ta fama da maɓallin riga.

Na ce, "Yaya, don Allah kai wacce kake amfani da ita? Ta gida ko ta ƙwararru?"

Ya yi tunani da gaske. Ya ce, "Ban sani ba. Wadda na tarar a ciki."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa.

Ya juya hannun wasan a tafinsa, bai dube ni ba, ya ce akwai wata magana da ya daɗe yana ajiye mini. Ya gwada a waya ba ta fito ba. Ya ce ita irin maganar nan ce da sai ana buga ƙwallo, ido na kan fili, sannan take fita. Na ce ya faɗa yanzu, ina ji. Ya girgiza kai ya ce sai an take wasa.

Muka juya muka dubi kwamfutar tare. Ta ce, "Saura kaɗan."

Jirgin ya motsa. Tabarmar ta rabu biyu sumul, ba ko ƙara, rabinsa ya bi jirgi, rabina ya tsaya cak a iska. Na miƙa hannu ban kai ba. Na roƙi kwamfutar, na zage ta, na ce ta fito ko da singileti ne. Yaya ya miƙe ya zo bakin jirgin ya riƙe ƙarfe. Na ga yana kokawa da bakinsa, mutumin da bai taɓa iya magana ba sai da ƙwallo a gabansa, ya daure zai faɗa haka nan.

"Nafi'u, dama so nake ka sani..."

Sai injin jirgin ya tashi. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, yana ta faɗa, har da nuna ƙirjinsa, yana share ido da bayan hannu. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban tsinci ko kalma ɗaya ba, ƙarar sai ƙaruwa take, tana cika kaina.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi da sassafe, mata suna ta kiran a zuba musu wake. Kwamfutar tana kan tebur, fuskarta baƙi ƙirin. Na lalubo waya na duba. Yau Lahadi.