Dalmar Baba

Ni na kawo tirelar da za ta kwashe kayan shagon gyaran tayar Baba, kuma wallahi ji nake kamar makara na jawo. Likita ya ce mantuwarsa ta yi nisa, Yaya ta ce a rufe shagon kafin inji ya cinye masa hannu. Ni kaɗai na tsaya ina gardama.

Baba ya fito yana goge hannu, ya zagaya tirelar, ya shuri taya ɗaya.

"An yi wa wannan balansin kuwa?"

"Haba Baba, tirela ce fa. Ba mai zama a ciki."

"Kaya ba su da baki ne shi ya sa za ka girgiza su har su kwance? Ciro min tayar."

Yaya ta harare ni. Na matsa kusa na ce mata, idan ya yi daidai, a bar masa shagonsa. Ta kau da kai, na ɗauka ta yarda.

Ya ɗora tayar a kan inji, ya ɓamɓare tsohuwar dalmar da ke daidaita nauyinta tas, don Baba bai taɓa yarda da aikin wani ba. Ya juya ta, ya duba allon injin, ya zaɓi ƴar dalma ya buga a gefen wili, ƙwas, bugu guda. Ya sake juyawa. Sifili nan, sifili can, taya ta daidaita. Kai, har tafi na yi kamar wawa, ina ce wa Yaya, to kin gani?

Ya sauke tayar ya jingine ta, ya je ya sha ruwa. Da ya dawo sai ya tsaya a kanta, ya ɗauko filaya zai ɓamɓare dalmar. Ya durƙusa, ya shafa ta da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Wannan mai hannu ne ya buga. Wa ya yi maka?"

Yaya ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Na ce, "Wani dattijo ne, Baba."

"To ka riƙe shi, irinsu sun yi ƙaranci. In ka je ka ce ina gaishe shi."

Na ce zai ji. Na zagaya bayan injin na zare wayar wutar injin daga bango da hannuna, ina kuka ba kunya, shi kuwa yana tambayata ko wani ne ya rasu.