Ƙafar da Na Bari a Sake

Mai gwajin kamfaninmu, wadda muke kira Sammaci don ba ta taɓa shigowa da albishir ba, ta dire min na'urar a tebur da hantsi.

"Babban injiniya, danna."

Na'urar tsofaffi ce, ta ratayawa a wuya. In mutum ya faɗi sai ya danna, saƙo ya tafi wayar ɗansa. Ni na zana fanel ɗinta, wato allon lantarkin da ke cikinta, har na ƙara tumbi don alfahari.

Na danna. Wayar gwaji ba ta ce uffan ba. Na sake, shiru. Sai a na biyar ta yi ƙara.

"Ina resistan ƙafar kunnawa?" ta tambaya.

Guntun rediyon da ke aika saƙon barci yake yi don adana batir, kuma wata 'yar ƙafar ƙarfe ɗaya a jikinsa ce ke tashinsa. Ita wannan ƙafa tana bukatar ɗan resista ya riƙe ta, in ba haka ba sai ta yi ta lilo, ta tashe shi ran da ta ga dama. Na cire shi don fanel ɗin ya shige akwati. Abin bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ai na gwada sau ɗari," na ce.

"Da igiyar kwamfuta a jone ka gwada. Ita ke riƙe maka ƙafar. Gara da muka gano, tunda ba a fitar da ko ɗaya ba."

Na miƙe zumbur. An fitar da ɗaya. Ni da hannuna na rataya wa Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune ita kaɗai kuma ta taɓa zamewa a banɗaki. Har na ce mata ta huta da yawo da waya, ga aikin ɗanta.

Na kira ta sau huɗu. Wayar na shiga, ba a ɗauka. Maƙwabciyarta ta tafi aiki. Ƙanwata ta ce rabonta da jin muryarta tun jiya.

Ban san yadda na sauka daga bene ba. A hanya kowace danja sai da ta tsayar da ni. Ni da ban yi gudu ba tun ina makaranta, a bakin layi na watsar da mota, na zura da takalmi ɗaya. Na buɗe ƙofarta da mabuɗina, na faɗa ciki.

Rediyonta na magana a falo. Ga shayi ya huce, ga wayar a kan kujera.

"Inna!"

"Kada ka fasa min kunne, ina kicin."

Tana kwance a gefen firji, ƙafarta ta hagu a karkace, leɓɓanta sun bushe. Na'urar na damƙe a hannunta, babban yatsanta ya yi ja.

"Tun safe nake dannawa," ta ce. "Na ce ƙila aiki ne ya yi maka yawa."

Na durƙusa ina kiran motar asibiti. Ƙaryar cewa batir ne ya mutu ta zo har bakina, na haɗiye ta.

"Ba ki same ni ba, Inna. Laifina ne. Wani ɗan abu na cire."

Ta miƙo min na'urar.

"To mayar da shi kafin ka rataya wa uwar wani. Ba ni ruwa."