Binnen Hansai

A shekarar da ruwa ya ƙi Gafasa, tun zamanin da fatake ke ratsa Gaya da jakuna, Hansai ta yi binne. Mijinta Da'u yana kwance, yunwa ta kumbura masa ƙafafu, don haka ita ta ɗauki sungumi, ta zuba iri a busasshiyar ƙasa, ta rufe, ta bar wa Allah sauran. Jan gero ne da ta zo da shi daga gidansu a Balan, babu mai irinsa a garin, kuma ko ƙwaya ba ta rage ba.

Sai jira. Hadari ya haɗo da la'asar baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, iska ta watsa shi. Kuka ta kaɗe ganyenta ta yi tsaye abinta, aduwa kuwa ko a jikinta. Ɗan Adam ne dai, sarkin dabara, ya rasa ta yi.

Da karangiyar da ake ci don yunwa ta ƙare a jeji, mata suka koma haƙar gidan tururuwa, don ita rumbunta a ƙarƙashin ƙasa yake, fari ba ya isa can. Hansai ta samu wani gida a bakin gonarta. Ta yi ta haƙa, ana cizonta tana haƙuri, har ta kai ga ajiyar. Tana dumbuzowa sai ta ga jan gero ne. Ta ruga cikin gona tana tona ramukan shuka da yatsu. Wayam. Tururuwa ta kwashe tas.

Ta daɗe zaune da ƙwaryar geron a cinya. In ta mayar da shi ƙasa, Da'u ba zai ga tsirowarsa ba. Ta kai gida, ta daka, ta dama kunu.

"Ina kika samo hatsi, Hansai?" in ji Da'u.

"Gidan tururuwa, Malam. Sha."

Ya sha, ya lumshe ido. "Mu dai daure. Ruwa na sauka, binnenki zai fisshe mu."

Ranar da kunun ya ƙare, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da'u ya rarrafo bakin ƙofa, yana dariya yana hamdala. Tausayinsa ya cika ta.

Da ƙasa ta sha ta kwana biyu, ya ce, "Je ki dubo mana, ya isa tsirowa."

Ta ɗauki fartanya ta fita.