Ɗakin da Dillali Ya Tuɓe wa Takalmi

Tun ranar farko Fifame ta lura da takalman dillalin, sai dai ta yi wa abin fassarar da ta yi mata daɗi. Kpadonu, wanda duk Porto-Novo aka san shi da sayar da gidaje da kuma surutu, ya zagaya da ita falo da kicin yana ƙwas-ƙwas da takalmi sau-ciki. Da suka zo ƙaramin ɗakin da ke ƙurya sai ya tsaya, ya tuɓe su, ya shiga da safa. Ita kuwa ta ce a ranta, kai, mutumin nan akwai tsafta.

A gidan haya aka haife ta a Kwatano, a gidan haya ta yi aure, ta gaji da layin banɗaki da masifar masu gida. Yanzu ga cikin fari ya tsufa, ta rantse ɗanta ba zai buɗe ido a ɗakin wani ba. Mijinta Senu direban babbar mota ne, kullum yana hanya, ya sakar mata komai.

"Tanti, dubi rijiya, ko da rani ba ta ja da baya," in ji Kpadonu, yana kiran ta yadda ake kiran mace don girmamawa a garin. "Wannan ɗakin kuwa na ajiya ne, ki zuba buhuna da tukwane."

"Ajiya? Ɗakin da ya fi kowane sanyi? Haba Kpadonu, nan zan kafa gadon jariri."

Surutun ya ɗauke ɗif. Ya sosa ƙeya, ya saci kallon kusurwar da tayil ɗinta ya bambanta da sauran, tsawon tabarma guda. Tun ba ta tambaya ba ya ce gyara aka yi. Mai ɗokin gida ba ya jin irin wannan shirun, don haka ta saya, ta tare, ta kafa gadon a daidai kusurwar nan.

Wata safiya tana shanya kayan jariri aka turo ƙofar gida, ba sallama. Tsofaffin mata ne, ɗaure da fararen zannuwa, ƙafa ba takalmi. Ɗaya riƙe da kaza, ɗaya da kwalbar giyar sodabi, ɗaya da ƙwaryar wake da manja. Ta gabansu, doguwa mai furfura, ta wuce Fifame kamar ba ta gan ta ba, ta nufi ƙurya kai tsaye.

"Inna, lafiya? Gidana ne fa!"

"Mun sani, 'yata. Ni ce Nawi, babbar 'yar mai gidan. Mun zo ba Baba abinci."

"Wane Baba?"

Tsohuwar ta nuna ƙarƙashin gadon jaririn da haɓa.

Fifame ta dafa bango. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ɗan cikinta ya juya. Ta sha jin cewa manyan gidaje na binne dattijonsu a ɗakinsa, amma ta ɗauka zancen ƙauye ne. Ashe duk waƙoƙin da take rerawa tana ninke kayan jariri, a kan mutum take zaune.

Nan take ta kira dillalin a waya.

"Kpadonu, ka cuce ni! Kabari ka sayar mini?"

"Tanti, a gabanki na tuɓe takalmi. Ko yaron goye a garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Na ce ki yi ajiya, kika ce gado. Laifina ne kin tashi a gidan haya?"

"To ka sa su zo su kwashe shi!"

"Rufa mini asiri! Wa zai tashi tsoho daga ɗakinsa? Bango kika saya, Tanti, ba shi ba." Ya kashe wayar.

Kafin ta koma ɗakin, matan sun janye gadon gefe, sun zuba giya a kan tayil, sun yanka kazar, suna kiran sunan mamacin ƙasa-ƙasa. Fifame ta tsaya a bakin ƙofa tana lallashin zuciyarta. Sau ɗaya ne a shekara, za ta jure, za ta rufe ɗakin, ta mai da gadon falo. Gidan dai nata ne.

Nawi ta miƙe, ta dubi ƙaramin gadon, ta dubi cikin Fifame. Fuskarta ta washe da murna ta gaske, wadda ta fi faɗa ban tsoro. Ta juya ga 'yan'uwanta.

"Kun gani? Masu saye nawa Baba ya ƙi, sai wannan ya karɓa. Dawowa zai yi."

Matan suka ɗauki guɗa. Fifame ta ja da baya ta rungume cikinta, amma tsohuwar ta riga ta iso, ta ɗora tafinta mai jinin kaza a kan rigar, tana shafawa a hankali.

"Kada ki matsar da gadon nan, 'yata. Idan naƙuda ta zo ki aiko mana. Ba sai mijinki ya wahala wajen neman suna ba, yaron yana da sunansa tuni."